Lensin makro

Lensin makro wani nau'in gilashin kyamara ne da aka ƙera musamman domin ɗaukar hoton ƙananan abubuwa daga kusa, kamar ƙwari, ƙwayar hatsi, jijiyoyin ganye, zanen da ke jikin takardar kuɗi ko saƙar zare a jikin tufa. Yana iya kawo fokas a kan abin da ke 'yan santimita kaɗan daga bakinsa, kuma hoton ya fito garau tun daga tsakiya har zuwa gefe. A ma'anar da aka fi yarda da ita, lensi bai cika makro ba sai ya kai ninki 1:1, wato siffar abin ta sauka a kan sensa daidai da girmansa na zahiri. Sensa ita ce ɗan farantin da ke cikin kyamara mai karɓar haske, wadda ta maye gurbin fim. Kamfanin Nikon ya daɗe yana kiran irin nasa Micro-Nikkor, amma aikin ɗaya ne. Ana yawan ambaton Makro-Kilar na kamfanin Kilfitt, wanda ya fito a shekarar 1955, a matsayin na farko a irinsa ga ƙananan kyamarori.

Masu amfani da shi sun haɗa da masu binciken ƙwari da tsirrai, malaman gona, likitocin haƙori da na fata, masu tallar zobba da sarƙoƙi, da masu ɗaukar hoto don sha'awa. Zaɓensa ya dogara ne a kan girman abin da za a ɗauka da kuma yadda za a iya kusantarsa, fiye da sunan kamfani ko tsadar lensin.

Ninki

Ninki shi ne lamba ta farko da ake dubawa. Ana rubuta shi 1:2, 1:1, 2:1, ko kuma 0.5x, 1x, 2x. A ninki 1:2 siffar da ta sauka kan sensa rabin girman abin ce, a 2:1 kuwa ta ninka shi sau biyu.

Lambar ba ta da ma'ana sosai sai an haɗa ta da girman sensa. Cikakkiyar sensa faɗinta milimita 36 ne, tsayinta 24. Ta APS-C tana da kusan milimita 23.5 da 15.6, sai dai ta Canon ta ɗan fi haka ƙanƙanta. Ta Micro Four Thirds tana da milimita 17.3 da 13. Don haka a ninki 1:1 abin da ke cika hoto a cikakkiyar sensa faɗinsa milimita 36 ne, a APS-C milimita 23.5, a Micro Four Thirds kuma 17.3. Ƙaramar sensa, wadda ake yi wa kallon koma baya a wasu fannonin ɗaukar hoto, a nan riba ce, domin ƙaramin abu ya fi cika ta.

Kalmar "makro" da ke rubuce a jikin lensi ba ta tabbatar da 1:1. Canon RF 35mm f/1.8 da RF 85mm f/2 duk suna ɗauke da kalmar, amma iyakarsu 1:2. Haka ma Fujifilm XF 60mm f/2.4. Akwai lensin zum da yawa masu wannan rubutu da ba sa wuce 1:3 ko 1:4. Ainihin lambar tana cikin takardar bayanin lensin, wurin da aka rubuta mafi girman ninki.

Misali daga gonakin Aliero, Jega da Maiyama

Ƙananan hukumomin Aliero, Jega da Maiyama na masarautar Gwandu a jihar Kebbi yanki ne na noma. Aliero ta yi suna da albasa a faɗin Najeriya, ana kuma noman shinkafa, gero, dawa, masara da wake a yankin. A Aliero ne Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta jihar take, wadda aka kafa a shekarar 2006, tana kuma da gonar koyarwa da bincike a fadamar Jega. Abubuwan da ɗalibin aikin gona ko malamin gona zai so ya ɗauki hotonsu a wannan yanki sun isa nuna yadda girman abu ke yanke hukunci a kan lensi.

Kan albasa mai faɗin santimita 6 yana cika hoto a ninki 1:2 kan cikakkiyar sensa, domin a wannan ninki hoton yana ɗaukar milimita 72 da 48. Tabon da cutar Alternaria porri ke yi a jikin lawashi, mai launin shunayya da zobe-zobe, shi ma 1:2 ya ishe shi. Tsutsar masara, Spodoptera frugiperda, wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne kuma aka fara tabbatar da ita a Afirka a farkon 2016, Najeriya na cikin ƙasashen farko, tana kai santimita 3 zuwa 4 idan ta girma. Ana gane ta da alama mai kama da harafin Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu baƙaƙe da suka yi murabba'i kusa da wutsiya. Wanda ya sayi lensin 1:2 zai fitar da waɗannan alamu biyu ba tare da wahala ba. A 1:1 ma babbar tsutsa tana iya fin ƙarfin hoton.

Daga nan abin yake canzawa. Ƙwaron da ke huda wake a ajiya, Callosobruchus maculatus, kusan milimita 3 ne, haka ma ƙwayar irin albasa. Su waɗannan sai 1:1. Ƙwaron da ya fi damun albasa kuwa, Thrips tabaci, bai cika wuce milimita 1 da ɗan kaɗan ba. Yana ɓuya a wuyan albasa tsakanin ƙananan ganye, yana tsotse ruwan lawashi ya bar fararen zane masu sheƙi, yana kuma yawaita idan zafi da fari suka haɗu, wato daidai lokacin albasar rani. A kyamara mai megafiksel 24 da cikakkiyar sensa, ɗigo 6000 ne suka rabu a kan milimita 36, kusan ɗigo 167 ke nan a kowace milimita. Ƙwaro mai milimita 1.2 zai samu ɗigo 200 kacal a tsawonsa a ninki 1:1, ɗan tsilli a tsakiyar babban hoto. A APS-C mai megafiksel 24 zai samu kusan 300, a Micro Four Thirds mai megafiksel 20 kusan 360. Idan aka koma 2:1 kowace lamba ta ninka.

Ke nan lensin 1:1 mafi tsada a kan cikakkiyar sensa zai nuna cewa ƙwaron yana nan, a iya ƙirga shi, a ga ɓarnar da ya yi, amma ba zai nuna gashin fukafukinsa yadda ya kamata ba. Mai wannan buƙata sai ya nemi lensi mai kai 2:1, irin su Laowa 100mm f/2.8 da Laowa 65mm f/2.8 na kamfanin Venus Optics na ƙasar Sin, ko OM System 90mm f/3.5 da ya fito a 2023. Akwai masu wuce haka: Canon MP-E 65mm na 1999 yana aiki daga 1:1 zuwa 5:1, Laowa 25mm f/2.8 kuma daga 2.5:1 zuwa 5:1. Waɗannan biyun ba sa ɗaukar komai daga nesa, ko hoton mutum ba za su yi ba. Duk da haka hoto yana da iyaka. Bambance jinsin wannan ƙwaro daga danginsa na kusa aiki ne na maikroskof a ɗakin gwaji, ba na kyamara ba.

Tsawon fokas da tazarar aiki

Lambar milimita da ke jikin lensi, kamar 50mm ko 100mm, ita ce tsawon fokas. A aikin makro ba ita ke ƙara girman abu ba. Lensin 50mm da na 100mm, idan duka suna kan 1:1, girman ƙwaro ɗaya za su bayar. Bambancin yana ga nisan da mai ɗauka zai tsaya, da yawan abin da zai shigo ta bayan hoton.

A nan masu saye da yawa suke ruɗewa. Kamfanoni suna rubuta mafi ƙarancin nisan fokas, amma suna auna shi ne daga sensa, wurin da aka yi alamar da'ira mai layi a tsakiya a saman kyamara. Abin da ya shafi mai aiki shi ne tazarar da ta rage tsakanin bakin lensi da abin da ake ɗauka. Sony FE 90mm f/2.8 yana kai 1:1 a santimita 28 daga sensa. Idan aka cire tsawon lensin da na bakin kyamara, abin da ya rage kusan santimita 13 ne. Nikon Z MC 105mm f/2.8, mai santimita 29, shi ma kusan haka. Nikon Z MC 50mm f/2.8 kuwa yana kai 1:1 a santimita 16, wanda ya bar kusan santimita 5 kawai.

Santimita 5 sun isa ga iri, tsaba, kwabo ko takarda a kan tebur. A cikin fangalin albasa ba su isa ba. Bakin lensin zai taɓa lawashi ya kaɗa shi, inuwar kyamara za ta rufe abin, fitila ba za ta sami hanyar shiga ba, ƙwari masu tashi kuma sun gudu tun kafin a iso. Wannan ne ya sa lensi tsakanin 90mm da 105mm suka zama na gama-gari ga masu cikakkiyar sensa. A ƙananan sensa ana samun kusan wannan yanayi da 60mm zuwa 80mm, kamar Olympus 60mm f/2.8 na 2012 da Fujifilm XF 80mm f/2.8 na 2017. Masu 150mm zuwa 180mm sun dace da malam-buɗe-littafi, mazari ko kunama, abubuwan da ba a so a matsa musu, amma suna da nauyi kuma girgizar hannu ta fi bayyana a cikinsu.

Nauyi ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai yini a durƙushe. Olympus 60mm giram 185 ne, Sony 90mm kusan 600, Canon RF 100mm f/2.8L kuma ya fi haka nauyi. Shi na Canon ɗin, wanda ya fito a 2021, yana kai ninki 1.4.

Lensin 90mm ko 100mm yana kuma yin hoton fuska mai kyau. Mai ɗaukar hoton biki a Jega ko Birnin Kebbi zai iya ɗaukar amarya da shi, ya juya ya ɗauki zanen lalle da zobe ba tare da ya canza gilashi ba.

Zurfin fokas da haske

Matsalar da ta fi ba sabon shiga mamaki ita ce ƙanƙantar wurin da ke fitowa garau. Ƙofar haske da ke cikin lensi, wadda ake aunawa da lambobi irin f/2.8, f/8 da f/16, tana ƙara wannan zurfi idan aka tsuke ta. A cikakkiyar sensa, a f/8, zurfin kusan milimita 3 ne a ninki 1:2, kusan milimita 1 a 1:1, kuma bai kai rabin milimita ba a 2:1. Idon tsutsa zai fito, bayanta ya dushe. Tsawon fokas ba ya gyara wannan. Lensin 50mm da na 100mm a ninki ɗaya da ƙofa ɗaya kusan zurfi ɗaya suke bayarwa.

Tsuke ƙofar yana da farashi biyu. Na farko, haske yana raguwa tun kafin a tsuke. A 1:1 hasken da ke isa sensa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na abin da lambar ta nuna, wato f/8 tana aiki kamar f/16. A 2:1 kashi ɗaya cikin tara ne. Na biyu, idan ƙofar ta yi ƙanƙanta sosai haske yana bazuwa a gefenta, sai dukan hoton ya yi laushi. Yawancin masu aikin makro suna zama tsakanin f/8 da f/11 a 1:1. Shi ya sa f/2.8 da ake tallatawa a jikin lensi ba ta da wani tasiri a aikin kusa. Lensi mai f/3.5 ko f/4 bai gaza da komai ba a nan.

Saboda haka fitilar filasha ta fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Walƙiyarta takan ɗauki ɗaya bisa dubu na daƙiƙa ko ƙasa da haka, tana tsayar da motsin hannu, na ƙwaro da na iska gaba ɗaya. Amma haskenta tsirara yana ƙyalli a kan lawashi, wanda ke da santsi kamar an shafa masa kakin zuma, da kuma bayan ƙwari masu sheƙi. Ana tausasa shi da farin ƙyalle, farar takarda ko farin roba da aka sa tsakanin fitila da abin. Lensi mai matsakaicin kuɗi tare da fitila da abin tausasa haske ya fi lensi mai tsada da ba shi da su. Ranar tsakiyar yini ma, duk da ƙarfinta, tana yin inuwa mai kaifi. Da sassafe hasken ya fi laushi, iska ba ta taso ba, ƙwari kuma ba su gama warwarewa ba, musamman a sanyin hunturu.

Na'urar hana girgiza da ke cikin wasu lensi da kyamarori tana taimakawa, sai dai ƙarfinta yana raguwa yayin da aka kusanci 1:1, kuma ba ta gyara motsin gaba da baya, wanda shi ne ke fitar da abu daga fokas. Fokas mai sarrafa kansa shi ma yana yawan kai da kawowa a wannan tazara. Masu aikin sukan saita ninkin da hannu, sannan su matsa da jikinsu a hankali har abin ya fito.

Akwai dabarar ɗaukar hotuna da yawa, kowanne da fokas a wuri daban, sannan a haɗa su a kwamfuta da manhaja irin Helicon Focus ko Zerene Stacker. Kyamarori da dama yanzu suna matsar da fokas ɗin da kansu. Olympus ta sa wannan a kyamararta E-M1 a 2015. Dabarar tana buƙatar lensi mai fokas na lantarki, don haka lensin Laowa da aka ambata, waɗanda da hannu ake juya su, ba sa yin ta sai an ɗora kyamarar a kan dogo mai matsawa. Tana kuma buƙatar abin da ba ya motsi.

Kyamara marar madubi da bakinta

Kyamara marar madubi ita ce wadda aka cire mata madubin da ke juya haske zuwa ido a tsofaffin kyamarori, mai ɗauka yana kallon abin da sensa ke gani kai tsaye a allo. Panasonic Lumix G1 ta 2008 ce ta buɗe wannan kasuwa. Sony ta fitar da a7 mai cikakkiyar sensa a 2013, Nikon da Canon suka biyo da tsarin Z da RF a 2018. Ga aikin makro tana da fa'idodi a fili: ana iya faɗaɗa wani sashe na hoton a allo don duba fokas, kyamarar tana iya shafa launi a gefen abin da ya fito garau, allon ba ya duhu idan haske ya ragu, kuma babu bugun madubi da zai girgiza hoto.

Yawancin kamfanoni kowanne da irin bakinsa, lensin wani baki ba ya shiga wani. Sony ta buɗe bayanan bakin E ga sauran kamfanoni tun 2011, shi ya sa masu Sony suke da zaɓi mai yawa, ciki har da Sigma 105mm f/2.8 na 2020, wanda kuma ake yi wa bakin L na Leica, Panasonic da Sigma.

Cire madubi ya rage tazarar da ke tsakanin baki da sensa: milimita 16 a Nikon Z, 18 a Sony E, 20 a Canon RF, alhali tsohon Canon EF yana da 44, Nikon F kuma 46.5. Wannan gibi ne ya sa adafta, wato zobe mai cike tazarar, ke ba tsohon lensi damar aiki a sabuwar kyamara ba tare da ƙarin gilashi ba. Tsofaffin lensin makro irin su Canon EF 100mm f/2.8, Micro-Nikkor 105mm da Tamron 90mm, wanda zuriyarsa ta faro tun 1979, suna da kaifi har yau. Adaftar FTZ ta Nikon ba ta juya fokas ɗin tsofaffin lensin da ke dogara da injin cikin kyamara, amma tunda aikin kusa da hannu ake yinsa, asarar kaɗan ce.

Hanyoyi masu sauƙin kuɗi

Kayan kyamara daga waje ake shigo da su Najeriya, farashinsu yana bin dala, ya kuma tashi sosai bayan sakin darajar naira a watan Yunin 2023. Ɗalibi zai iya fara aikin ba tare da lensin makro ba.

Hanya ɗaya ita ce zoben ƙarin tazara, bututu marar gilashi da ake sawa tsakanin kyamara da lensi. Ninkin da yake ƙarawa shi ne tsawonsa a raba da tsawon fokas: zobe mai milimita 25 a kan lensin 50mm yana ƙara 0.5x. Ya fi tasiri a gajeren lensi. Gara a nemi mai wayoyin lantarki a ciki, in ba haka ba yawancin sababbin lensi ba za su karɓi umarnin ƙofar haske ba. Hanya ta biyu gilashin ƙari ne da ake maƙalawa a gaba, kamar Raynox DCR-250 mai ƙarfin diyofta 8. Shi ya fi tasiri a dogon lensi: a kan 100mm yana ba da kusan 0.8x daga tazarar santimita 12.5. Idan aka ɗora shi a kan lensin makro mai 1:1, ana kusantar 2:1. A duka hanyoyin biyu lensin ba ya ganin nesa sai an cire abin da aka ƙara.

Ƙura, zafi da lensin hannu

Albasar rani tana gona ne a lokacin hazo da ƙurar hunturu, sannan zafin Maris zuwa Mayu ya biyo, inda ma'auni ke wuce digiri 40 a yankin. A yawancin kyamarori marasa madubi sensa a buɗe take da zarar an cire lensi, kuma ƙurar da ba a gani a f/4 tana fitowa baƙaƙen ɗige-ɗige a f/11 da f/16, daidai inda aikin makro yake. Ana canza lensi a cikin ɗaki ko mota, bakin kyamara na kallon ƙasa, kyamarar a kashe. Gilashin ƙari na gaba yana da fifiko a kan zoben tazara ta wannan fuska, tunda ba a buɗe kyamara wajen sa shi. Lensin da ke fokas a cikinsa, wanda tsawonsa ba ya canzawa, ya fi wanda hancinsa ke fita yana komawa, domin na biyun yana shaƙar iska da ƙura, yana kuma cin tazarar aiki. Wasu lensi suna da zoben roba a baki da mahaɗansu don tare ƙura da yayyafi.

Da damina matsalar laima ce. Lensin da aka rufe a jaka mai danshi yana yin fumfuna a cikin gilashi, mai kama da saƙar gizo. Ana ajiye shi a akwati mai rufi tare da ƙullin silika mai shanye laima.

Wanda zai sayi na hannu, daga Kano, Legas ko ta intanet, ya buɗe ƙofar haske gaba ɗaya ya haska tocila ta baya, ya duba fumfuna, hazo da karce. 'Yar ƙura a ciki ba ta ɓata hoto, fumfuna kuwa tana yaɗuwa tana cin rufin gilashi. Ya juya zoben fokas daga farko zuwa ƙarshe ya ji ko akwai wurin da yake cijewa, ya duba ganyen ƙofar haske ko da mai a jikinsu. Sannan ya ɗora lensin a kyamararsa, ya kai shi iyakar kusa, ya ɗauki hoton rula a kwance. Idan milimita 36 suka cika faɗin hoton a cikakkiyar sensa, ko kusan 23 a APS-C, ko 17 a Micro Four Thirds, lensin ya kai 1:1. Hoton shafin jarida da aka manna a bango zai nuna ko wani gefe ya fi wani dushewa, alamar lensin ya taɓa faɗuwa.